Bana Ba Zan Ɗauki Abin Da Ya Fi Ƙarfina Ba

Ranar farko ta sabuwar shekara Maman Biyu ta tashi da magana a bakinta, ta kuma yi wa kanta alkawarin sai ta faɗe ta kafin shayin maigidan ya huce. Ta riga ta ɗaga Inna, uwar mijinta, daga gado zuwa kujera, daga kujera zuwa banɗaki, ta yi mata wanka, ta canza zanen gado, ta mayar da ita. Tun da ɓarin jikin tsohuwar ya shanye, shekara ta biyu ke nan ake ciki, da wannan aikin take buɗe kowace safiya. Sai ta gama sannan ta shirya tagwayenta da yayarsu Gimbiya, ta kama hanyar makarantar firamaren da take koyarwa.

Ta ajiye masa kofi, ta dafa bango ta zauna a hankali, don zama ma ya fara zame mata aiki.

"Baban Biyu, ina da magana."

"Da sassafen sabuwar shekara? Allah ya sa alheri ne," ya ce yana dariya, idonsa na kan waya.

"Kafin mu yi hutu, malamai sun zauna a ofis kowa na faɗin niyyarsa ta bana. Wata ta ce rage ƙiba, wata ta ce za ta daina yi wa yara tsawa. Da aka zo kaina na ce ban ma samu lokacin tunani ba, aka yi ta dariya. To yanzu na yi tunanin."

Ya ɗago kai.

"Ka tuna hoton bayana da aka ɗauka. Likita ya ce wata gaɓa ta goce, tana danne jijiyar da ta sauka ƙafata ta hagu. Ya ce ko bokitin ruwa cike kada in ƙara ɗagawa. In na ƙi ji, wata rana ƙafar za ta ƙi ni. Niyyata ɗaya ce: bana ba zan ɗauki abin da ya fi ƙarfina ba. Ba gudun Inna nake ba, Allah ya sani. Zan dafa mata, in ba ta a baki, in wanke kayanta, in taya ta hira. Ɗagawar ce kawai ta gagare ni."

Ya ajiye wayar, ya dube ta da fuskar tausayi.

"Haba Maman Biyu, wannan ai ba abin roƙo ba ne. Uwata ce, ba taki ba, kin yi abin da ko 'ya'yan cikinta ba su yi ba. Yau ɗin nan zan kira Auta da Makanike. Ko dai ɗayansu ya karɓe ta na ɗan lokaci, ko mu samo mai kula da ita. Ki bar komai a hannuna."

Auta ƙanwarsa ce, tana da shago a ƙofar gidanta, yini take a gida. Makanike kuma ƙanensa ne, mai samari biyu majiya ƙarfi. Maman Biyu ta ji kamar an sauke mata buhu daga ka. Ranar har 'yar waƙa ta yi wajen wanke-wanke, tagwayen suna leƙo ta suna mamaki.

Mako ya zagayo, aka koma makaranta, ba ta ji komai ba. Da ta tuna masa, sai ya ce, "Na yi magana da Auta. Kin san halin mijinta, sai an bi shi a hankali. Ki ƙara haƙuri."

Ta ƙara. Bayan kwana biyu ta tambayi batun Makanike.

"Gidansa hawa ne, Maman Biyu. Ta ina za a bi da Inna a wannan matattakalar?"

"To mai kula da itan fa?"

"Ana nema. Amma ba kowa za ka saka a gidanka ba. Kina ji kullum ana ba da labarin masu aiki, wata ta yi sata, wata ta mari tsohuwa. Gara a makara a samu ta kirki."

Duk maganganun suna da kan gado, shi ya sa ta rasa inda za ta kama su. Wata safiya, da ta ji bayan ya riƙe tun kafin ta sauko daga gado, ta tare shi yana ɗaura agogo.

"Ko daga gado zuwa kujera ka taimaka min da ita, sauran zan lallaɓa."

Ya dubi rigarsa mai sabuwar guga, ya dubi ƙofar ɗakin Inna.

"Ke ma dai. Namiji ya kama uwarsa a irin wannan hali? Kunya ce za ta kashe ta. Kuma ga shi na makara." Ya leƙa ɗakin daga bakin ƙofa, ya ɗaga murya kamar mai magana da kurma. "Inna, an tashi lafiya? Allah ya ƙara sauƙi." Ya fita.

Ta shiga, ta durƙusa gaban gadon, ta zura hannuwanta ƙarƙashin hammatar tsohuwar, ta cije leɓe ta ɗaga. Wani zafi ya tsarga daga ƙugunta har yatsan ƙafa, kamar an zuba tafasasshen ruwa a cikin jijiya. Ba ta yi ƙara ba, amma Inna ta gani, don fuskokinsu dab da juna suke.

Inna ba ta iya magana sosai, kalma ɗaya sai ta yi ta kokawa da ita. Amma hankalinta garau yake. Daga ranar Maman Biyu ta lura kofin ruwan da take ajiye mata da safe yana nan cike har ta dawo daga aiki. In ta kai mata baki, sai tsohuwar ta kau da kai.

"Inna, sha mana. Leɓenki duk ya bushe."

Inna ta ɗaga hannun da yake aiki, ta nuna banɗaki, ta girgiza kai. Sannan ta miƙa hannun ta shafa bayan surukarta. "Ba... ya," ta ce da ƙyar.

Sai a lokacin ta gane. Tsohuwar ƙishirwa take zama da ita don kada a yi ta ɗaga ta. Maman Biyu ta zauna a bakin gadon ta yi kuka, Inna na bubbuga mata gwiwa, kamar ita ce mai jinyar.

Ba a daɗe ba zazzaɓi ya kama Inna, likita ya ce ƙarancin ruwa ne a jikinta. A hanyar dawowa daga asibiti maigidan ya juyo ya ce, "Wai kin daina ba ta ruwa ne? Na san kina fama, amma abin kada ya kai ga haka."

Ta juya ta gyara wa Inna mayafi.

A makaranta ma abin ya fara fitowa fili. Tsayuwa gaban allo ta gagare ta, sai ta jawo kujera tana rubutu daga zaune, rabin allon sama ya zauna fari. Shugabar makaranta ta kira ta sau biyu a kan makara. Wata rana tana ratsa aji tana duba aikin yara, sai wata yarinya ta ɗaga hannu.

"Malama, takalminki ya cire."

Ta waiwaya. Takalminta na hagu yana can baya tsakanin tebura. Ta yi tafiya mai tsawo da ƙafa tsirara a kan siminti, ba ta ji komai ba. Yara suka yi dariya, ita ma ta taya su, amma ta san ba abin dariya ba ne.

Da yamma ta faɗa wa maigidan. Ya yi tsaki na damuwa.

"Likitocin nan ma akwai su da tsoratar da mutum. Gajiya ce. Ki riƙa shafa man zafi. Ai na kusa gama magana da mijin Auta, saura kaɗan."

Abin ya faru ne wata safiya a cikin wata na uku, maigidan ya riga ya fita. Ta ɗago Inna daga kan kujerar wanka, sun juyo ke nan ƙafar hagu ta lanƙwashe kamar ba tata ba. A cikin faɗuwar ta murɗa jikinta don kada kan tsohuwar ya bugu da bango, sai ta zube ƙasa Inna ta faɗo a kanta. Ta ji wani abu ya ce ƙas a bayanta. Gimbiya, wadda ke ɗaure igiyar takalmin tagwaye, ita ta fara shigowa, ta fasa ihun da ya tara maƙwabta.

An yi mata aiki a asibiti. Da ta farfaɗo, likitan ya tsaya a kanta yana taɓa tafin ƙafarta da bakin alƙalami.

"Kina ji?"

"A'a."

"Jijiyar ta daɗe a danne. Zafin zai ragu, za ki yi tafiya, amma da sanda. Tafin ƙafar nan ba na jin zai dawo yadda yake. Ai na gargaɗe ki, Malama. Me ya sa kika ci gaba?"

Maigidan na tsaye a gefe, ya riga ta amsawa. "Ka san mata, likita. Ba sa iya zama."

Da suka rage su biyu ta tambaye shi wa ke kula da Inna.

"Ki kwantar da hankalinki. An samu wata mata mai kirki, tana zuwa kullum."

Ta yi ajiyar zuciya. Ta ce a ranta, ashe dai ana samu.

Kwanaki kaɗan bayan haka Auta ta zo dubiya, da ledar lemo a hannu da fuska a ɗaure. Ta zauna, ta yi mata sannu, sannan abin da ke cinta ya fito.

"Anti, ba na son in faɗa miki magana kina kwance, amma wallahi taurin kanki ya yi yawa. Lada kike nema, mun ji. Amma sai kin nakasa kanki?"

"Wane taurin kai, Auta?"

"Tun makon farko na shekarar nan na kira Yaya, na ce ya kawo min Inna. Mijina da kansa ya kwashe kayan ɗakin ƙasa, ya sa aka yi wa banɗaki maƙalin ƙarfe. Makanike ya ce yaransa za su riƙa zuwa safe da yamma suna ɗaga ta. Sai Yaya ya ce kin hana."

Maman Biyu ta juyo ta dube ta. "Ni na hana?"

"Ya ce ranar sabuwar shekara kin zaunar da shi, har da hawaye, kin ce niyyarki ta bana ita ce ki yi wa Inna hidima da hannunki, kada kowa ya raba ki da ladan. Ya ce kada ma mu tayar miki da maganar, za ki ɗauka ƙorafi muke a kan riƙonki. Na sake kira a wata na biyu, ya ce Anti ta ce a bar mata uwarta. Shi ya sa in na zo gaishe ta nake kama bakina."

Maman Biyu ta ƙura wa silin ido. Fankar sama na juyawa a hankali. Ta tuna fuskarsa a safiyar nan, yadda ya ajiye waya ya dube ta.

"Auta," ta ce, muryarta ƙasa-ƙasa, "ya faɗa miki abin da likita ya ce game da bayana?"

"Wane likita? Bayanki dama yana ciwo ne?"

Sai Maman Biyu ta ba ta labarin, tun daga hoton baya har zuwa kofin ruwan Inna. Auta ta sa hannu biyu ta rufe baki. Ledar lemon ta zame daga cinyarta, lemo ya gangara ƙarƙashin gadaje, babu wadda ta bi shi.

"To matar da ya samo fa, tana da kirki?" Maman Biyu ta tambaya can.

"Wace mata? Jiya da hantsi na biya gidan. Gimbiya na tarar ta rungumo Inna tana ja zuwa kujera, tana haki. Na ce ba makaranta yau? Ta ce Baba ya ce ta zauna sai kin dawo."

Gimbiya shekararta sha uku, ƙashinta bai gama ƙwari ba, kuma jarrabawa na gabanta. Maman Biyu ta yunƙura za ta tashi, ɗinkin bayanta ya mayar da ita.

Da yamma maigidan ya shigo da fara'arsa, yana gaisa da majinyatan gefe ɗaya bayan ɗaya. Ta bari ya zauna.

"Auta ta zo."

"Madalla. Ai ya kamata."

"Ta faɗa min niyyata ta bana. Ashe ban san ta ba."

Fara'ar ta tafi. Ya waiga ya ga ko matar gadon kusa tana ji, ya jawo kujera ya rage murya.

"Ki fahimce ni, Maman Biyu. Ni ne babba. Ina raye, ina da gida, ina da mata, a ce uwata tana gidan mijin ƙanwata? Da wane ido zan kalli mutane? Kowa a unguwa ya san ni nake riƙe da ita."

"Kai kake riƙe da ita."

"To a gidan wa take? Wa yake sayen magani?"

"Me ya sa ba ka faɗa min gaskiya ba? Da ka ce min ba ka so, da na san abin yi. Ka bar ni ina jira, kullum saura kaɗan. Ka ɗauki maganar da na faɗa maka a ɗaki, ni da kai, ka juya ta, ka kai wa 'yan'uwanka da sunana."

"Ai ban san abin zai kai haka ba. Kin saba yi, ba ki taɓa faɗuwa ba. Na ɗauka irin ciwon bayan nan ne na kowa."

"Na nuna maka hoton."

"Ni likita ne?"

"Gimbiya fa?"

"Kwana nawa ne duka? Yarinya ta yi wa kakarta hidima, ai tarbiyya ce. Makarantar ba gudu za ta yi ba." Ya gyara zama. "Abin da ya faru ya riga ya faru, haka Allah ya rubuta. Kada ki bari Auta ta shiga tsakaninmu. Kuma don Allah maganar nan ta tsaya a nan, ba sai duniya ta ji ba."

Ta dube shi da kyau. Babu mugunta a fuskarsa, babu ko kunya. Damuwar da ke ciki ɗaya ce, kada matar gadon kusa ta ji. Wannan ya fi komai yi mata ciwo. Da ƙiyayya ce da ta san sunan abin. Mutumin nan bai ƙi ta ba. Kawai ya auna bayanta da sunansa a unguwa, ya ga sunan ya fi nauyi.

Ta miƙa hannu ta ɗauki wayarta daga ƙarƙashin matashi, ta kira Auta yana zaune.

"Gobe da safe ki turo yaran Makanike su riƙa ɗaga Inna, Gimbiya ta tafi makaranta. Ranar da aka sallame ni ki zo da mota ki ɗauki Inna. Ni na ce, da bakina. In wani ya kawo miki wata magana da sunana, ki kira ni ki tambaya."

"Maman Biyu," ya ce, "ba ki shawarce ni ba."

Ta juya fuskarta bango.

Ranar da ta dawo gida, da sanda a hannun dama, tafin ƙafar hagu yana jan ƙasa, motar mijin Auta na tsaye a ƙofa. Samarin Makanike suka shiga, ɗaya ya tallafi kafaɗun Inna, ɗaya ƙafafu, suka fito da ita kamar ba su ɗauki komai ba. Auta ta biyo su da jakar kaya da kujerar wanka. Kafin ruwan shayin da Gimbiya ta ɗora wa baƙi ya tafasa, an gama komai. Maman Biyu ta jingina da bango tana kallo. Wannan ne abin da aka ce mata sai an bi a hankali, wannan ne abin da ta jira wata uku, wannan ne ta biya da ƙafarta.

Da za a wuce da Inna ta gabanta, tsohuwar ta damƙe mata wuyan hannu, ta ƙi saki. Bakinta ya yi ta motsi, hawaye na bin gefen da ya shanye.

"Ya... fe," ta ce.

"Inna, ba ke kika yi min ba. Ki riƙa shan ruwa, kin ji? Yanzu akwai masu ƙarfi."

Maƙwabta sun fito. Maigidan na tsakiyarsu, ya sa hannu a ƙirji yana bayani.

"Na duba na ga jikin madam ba daɗi, na ce a'a, lafiya ita ce gaba. Ba don son raina ba, amma na ce Auta ta ɗan riƙe ta."

"Allah ya yi maka albarka," wani dattijo ya ce. "Shekara biyu kana ɗauke da mahaifiyarka. 'Ya'yan yanzu ba sa yi."

Wata maƙwabciya ta matso kusa da Maman Biyu ta raɗa mata, "Kin yi dacen miji, wallahi. Wani da ko a jikinsa."

"Ki tambaye shi ta wane gefe ake ɗaga ta," Maman Biyu ta ce, ba ta rage murya ba.

Matar ta yi 'yar dariya, ta ɗauka wasa ne. Maigidan ya ji, ya yi kamar bai ji ba.

Gidaje irin wannan suna da yawa, kuma ba a jin ihu daga cikinsu. Babu duka, babu zagi, babu wanda zai ce ga laifin da aka yi. Ana yabon ɗa a bakin titi, a cikin ɗaki kuma bayan matarsa ne ke karyewa, in ya karye a jawo na 'yarsa. Maman Biyu ba ta roƙi hutu ba, ba ta roƙi a gode mata ba. Abu ɗaya ta nema a shekara guda, ta kuma kai shi wurin mutumin da ta fi yarda da shi.

Samarin suka kwantar da Inna a kujerar baya, Auta ta shiga ta tallafe kanta. Maigidan ya matso da sauri don a gan shi a wurin. Ko a ranar ma, ƙofar motar kawai ya riƙe.